Abin da yaranmu ba sa faɗa a coci

Shekara 31 na yi a aikin gwamnati kafin na yi ritaya, kuma tun 1991 da aka ƙirƙiri Jihar Kebbi nake zaune a Birnin Kebbi. Ni mutumin Zuru ne, saboda haka gidana ya zama masaukin yaran gida da suka sami aiki a nan. Na lura da wani abu da ya dame ni: yaron da ya yi shugabancin FCS (ƙungiyar ɗalibai Kirista) a sakandare, ya riƙe NCCF (ƙungiyar Kirista masu bautar ƙasa) lokacin bautar ƙasa tun daga sansanin Dakingari, da zarar ya fara karɓar albashi sai ka ga sawunsa ya ɗauke daga sujada kaɗan-kaɗan.

Da farko na yi abin da dattawa suka saba. Na kafa nazarin Littafi Mai Tsarki ranar Laraba da yamma, ni ke magana, su ke saurare. Mutum 14 muka fara, kafin wata uku muka koma huɗu. Na ce a raina duniya ce ta ja su. Ashe ma'aikacin banki ba ya barin ofis kafin magariba, ma'aikaciyar jinya kuma tana aikin dare.

Wata yarinya ce ta buɗe min ido. Ta zo gaishe da matata, muna cin tuwo sai ta ce, "Baba, ina da tambaya, amma kada ka yi min wa'azi." A ofishinsu an kawo mata takardar kuɗin wani taron bita da ba a taɓa yi ba, aka ce ta sa hannu, kasonta na cikin ambulan. Ta sa. Kuɗin hayar ɗakinta ya ƙare, ƙannenta biyu na jiran kuɗin makaranta. Tun ranar kunya ta hana ta shiga coci, musamman ranar cin jibin Ubangiji.

Na yi shiru, domin ni ma na taɓa sa hannu a irin wannan takarda, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar na gaya mata. Na ce, "'Yata, ba ke kika fara ba."

Daga nan muka sauya tsari. Muka mayar da haɗuwa Juma'a da rana, lokacin da ofisoshi ke watsewa don sallah. Babu mumbari, tabarma ce da zoɓo. Tambayar farko kullum ita ce, me ya faru a wurin aiki wannan mako? Mun shafe Juma'a uku a kan Linjilar Luka sura 3, inda masu karɓar haraji da sojoji suka tambayi Yohanna Mai Baftisma abin da za su yi. Bai ce su ajiye aiki ba, ya ce su tsaya a kan abin da aka ƙayyade, albashinsu ya ishe su. Gardama ta kaure, wani ya ce Yohanna bai san farashin buhun shinkafa ba. Ban hana shi ba. Daga wannan gardama adashinmu ya fito, don wanda ya ƙi ambulan kada ya kwana da yunwa.

Mu ma a coci muna da laifi. Yaro na samun aiki, wasiƙar farko da yake samu daga wurinmu ta neman gudummawar gini ce.

Yarinyar nan ta ƙi sa hannu a karo na biyu. Wani Alhaji da ke gab da ritaya a sashensu ne ya tsaya mata, ya ce a ƙyale ta. Duk da haka an mayar da ita wani teburi da ba fayil ɗin da ke bi ta kansa. Tana can har yanzu, kuma ita ke riƙe littafin adashi.