Baƙon mai wa'azi da ya kai mu dare

Duk mai shirya makon matasa na coci a ƙasar Zuru yanzu ya san ba a barin taro ya kai dare, tun da ɓarayin daji suka addabi Danko-Wasagu iyaye ba sa wasa da wannan. Shi ya sa muka sa namu ƙarfe uku, a tashi biyar da rabi, yaran ƙauye da suka zo a mashin su koma da sauran haske. Waƙoƙin kwaya (mawaƙan coci), wasan kwaikwayo, abincin da Zumuntar Mata suka dafa, duk lafiya lau.

Baƙon da muka gayyato daga birni shi ya jiƙa mana aiki. An ce masa minti arba'in ya ce ba damuwa, ashe da Turanci zai yi, yana jin Hausa fa sarai amma wai saƙon ya fi sauko masa da Turanci. To in akwai tafinta lokaci ninkuwa yake, arba'in ta zama tamanin, ga tsofaffi a baya suna cewa a ɗan juya musu da Dakarci. Na rubuta a takarda saura minti biyar na miƙa masa, ya karanta ya yi murmushi ya sa ta cikin Littafi Mai Tsarki ya ci gaba abinsa. Har da cewa ai Bulus ma ya yi wa'azi har tsakar dare. Na ce a raina e, a daren ne kuma barci ya kwashe wani saurayi Aftikos ya faɗo daga taga, yana nan Ayyukan Manzanni sura 20.

Sai bayan bakwai muka tashi. Wayata ba ta huta ba, wata uwa ta ce min Malam na ba ka yarana da rana ka dawo min da su cikin duhu, ba za su ƙara zuwa ba. Washegari bencina da yawa ba kowa, baiko bai ko kai kuɗin man janareta da hayar sifika ba, shi kuwa baƙon ya karɓi ambulan ɗinsa tun da safe ya kama hanya. Har yau in na tuna murmushin nan raina ɓaci yake.

Yanzu kafin in gayyaci kowa sai na tambaya da wane harshe zai yi, in da tafinta minti ashirin da biyar ne, shike nan. Kuma ba ni ke faɗa masa lokacin ba, Baba Pasto ne, don babban mutum ba ya jin takardar shugaban matasa, amma dattijo ya miƙe tsaye a gaba ya gyara murya zai gane. Wa'azi muke sawa a farko, waƙoƙi daga baya, don waƙa ana iya yanke ta ba wanda zai yi fushi sai 'yan kwaya, su ma na rana ɗaya. Yaran ƙauye kuwa biyar na bugawa nake sallamarsu ko ana tsakiyar kiran tuba ne.