Godiya ga waɗanda suka tsaya mini ranar da doki ya kayar da ni

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, an sallame ni daga asibiti, ina gida cikin iyalina. Karaya ce a hannun hagu da gocewar kafaɗa, sai ƙujewa a baya, kuma likita ya ce ɗorin ya zauna daidai. Kira da saƙonni sun fi ƙarfin in amsa wa kowa shi kaɗai, shi ya sa na rubuta wannan, a yi mini afuwa.

Ga masu tambayar yadda abin ya faru: ranar Lahadi bayan la'asar muka fita kilisa ta wajen Unguwar Rimi, kamar yadda muka saba. Dokina bidi ne, shi ne na farko da na taɓa mallaka, daga kasuwar Maigatari aka kawo mini shi. Tun da ya zo bai taɓa harbi ko cizo ba, yaran gida ma a tafin hannu suke ba shi dusa. Muna tafe a hankali iskar hunturu ta ɗebo baƙar leda ta watsa masa a fuska, daidai lokacin wani mai babur ya danna hon a bayanmu. Ya yi tabarya, ya sauko, ya zabura. Ƙafata ta maƙale a likkafa, ya ja ni a ƙasa kafin Allah Ya sa takalmin ya saɓule.

Na fara da mai Keke Napep ɗin da ya sauke fasinjojinsa ya ɗauke ni. Ƙanena ya miƙa masa kuɗi a ƙofar asibiti, ya ce "Haba yaya, a kan wannan?" ya ja kekensa ya tafi. Ko sunansa ba mu samu ba. Sai wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai a bakin titi, da ta cire mayafinta ta ɗaure mini hannu, tana ta cewa "Sannu ɗana, kada ka motsa." Mama, mayafinki yana nan an wanke, ƙanena zai kawo miki har wurin sana'arki. Likitoci da nas-nas da suka karɓe ni da daren nan, da mai ɗaukar hoton ƙashi da ya dawo bayan ya tashi aiki, Allah Ya saka muku da alheri.

Amma wanda nauyinsa ya fi yawa a kaina shi ne Baba, dattijon da ke kula mana da barga. Da dokin ya ɓalle, samari suka bi shi da gudu da ihu, wasu har da sanduna. Baba ya tsayar da su. Ya ce dokin da ya firgita, in ka bi shi ƙara masa gudu kake yi, kuma gabansa babban titi ne cike da motoci. Ya bi shi a ƙafa da ƙwaryar dusa yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, har ya same shi tsaye a wani kango yana rawar jiki, linzami ya tsinke, gwiwa tana jini. Wani ya ɗaga sanda, Baba ya ce masa, "Yaro, sauke. Tsoro ya ji, ba mugunta ba ce." Da an bar shi ya faɗa titi, da ba ni kaɗai zan kwana asibiti ba.

A gefen gadona ya ƙara yi mini bayani. Idanun doki a gefen kai suke, yana ganin kusan duk kewayensa, amma ba ya ganin abin da ke daidai bayan wutsiyarsa, ko abin da ke dab da hancinsa. To ga abu ya faɗo masa a fuska, ga ƙara daga inda ba ya gani. Dabba ce da Allah Ya halitta da gudu a matsayin kariyarta, tana fara gudu kafin ta duba. Ya ce ya ga ingarman da ya sha hawan Sallah a Zazzau, cikin kiɗan tambari da ƙarar bindigogi bai ko girgiza ba, amma kaza ta tashi a gabansa ya watsar da mahayi. Wanda duk ya ce maka ya gama sanin dokinsa, inji Baba, bai daɗe a kan sirdi ba.

Na gode wa likitan dabbobi da ya zo a daren ya wanke raunin, ya yi masa allurar tetanas, don doki ba ya jure wannan cuta. Yanzu yana cin harawarsa, yana taka ƙafar sosai.

Hajiyata, Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Na san abin da kika ji da aka kira ki. Kin ce a sayar da shi, kuma da kin dage da na sayar, don ba dokin da ya kai kwanciyar hankalinki. Baba ne ya je har gida ya durƙusa ya ba ki haƙuri, kika amince bisa sharaɗin ba zan sake hawa ba sai da hular kwano. Ke kika fi kowa sanin inda son nan ya samo asali. Marigayi mahaifinmu bai gaji da ba mu labarin babban hawan daba na bikin al'adu na FESTAC da aka yi a nan Kaduna a 1977 ba, yadda sarakunan Arewa suka cika gari da dawaki. Shi bai samu ikon ɗaure doki a ƙofar gidansa ba har ya koma ga Allah. Ranar da aka kafa turke a gidanmu, shi na tuna.

Wani abokina ɗan wasan folo ya riga ya kawo mini hular. Su da ke buga wasa a dandalin Murtala ba sa hawa sai da ita, kuma sun fi mu ƙwarewa nesa ba kusa ba. Ban ga dalilin da mu 'yan kilisa za mu riƙa jin kunyar sa ta ba. Rawani ado ne, ba ya tare kwalta.

Mai babur ɗin nan kuwa, na yafe maka har zuciyata, na san ba da nufi ka yi ba. Roƙona gare ka da sauran masu abin hawa, in kun ga doki a hanya ku rage gudu, ku ba shi fili, ku bar hon.

Abokan hawana da suka raba kwana a asibiti, maƙwabta da suka riƙa aiko da abinci, jama'ar masallacin unguwarmu da suka sa ni a addu'a, da maiɗakina da ta riƙe gida da yara ba ta nuna gajiya ba: Allah Ya biya ku, Ya tsare ku da iyalanku daga mummunan tsautsayi. Masu son zuwa dubiya, bayan la'asar ya fi, da safe ina zuwa wankin rauni.