Yaron da sikeli ya ɓoye mini ciwonsa

Watana na farko a sashen yara, na ɗauka awo ne aiki mafi sauƙi a asibitin: a ɗora yaro a sikeli, a sa ɗigo a kati, a kira na gaba. Wata Talata aka shigo da wani yaro ɗan wata 18, uwarsa na goye da shi, kakarsa na biye riƙe da kofin kunu. Na auna shi, nauyinsa bai yi nisa da inda ake so ba, kumatunsa ma cike suke. Har na buɗe baki zan sallame su, sai wata dattijuwar nas da ta daɗe a ɗakin ta matso, ta kama ƙafafunsa biyu, ta danna bayansu da manyan yatsunta, ta ƙirga uku, ta ɗaga. Gurbin yatsun ya zauna kamar an danna tuwo. Ta ce, "Likita, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne."

Ruwan da ya taru a jikinsa ne ya cika lambar da na rubuta. Yaron da ƙafafunsa biyu suka kumbura haka yana cikin tamowa mai tsanani, komai nauyinsa. Sai a lokacin idona ya kai kan gashinsa da ya yi ja ya yi laushi, da yadda ko kallon makullan da nake kaɗa masa bai yi ba. Na ce, "Baiwar Allah, yaushe aka yaye shi?" Ta sunkuyar da kai ta ce wata huɗu ke nan, tun da ciki ya bayyana aka kai shi wurin kaka, kuma kunun gero ne abincinsa safe da yamma. Amsar tana bakinta tun shigowarsu, ni ne ban tambaya ba. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Daga ranar na daina yarda da ɗigo ɗaya. Abin dubawa a kati shi ne layin da ɗigogin suka ja wata bayan wata, yana hawa ne, ya tsaya, ko ya fara gangarowa. Nakan kuma zagaya tsakiyar damtsen yaro da ɗan tef ɗin nan mai launi uku, daga wata 6 zuwa wata 59: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, wato tamowa mai tsanani, daga nan zuwa 12.5 ruwan ɗorawa, wato matsakaiciya. Sau da yawa ana ce mini ai ƙanƙanta gadon gidan ne, ko kuma ma'aunin na 'ya'yan Turawa ne. Gado yana da tasirinsa, amma ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 an gina shi ne a kan yaran ƙasashe shida, har da Gana, kuma an ga girmansu ya zo kusan ɗaya idan sun sami nono da abinci da kulawa.

Ɗakin jarirai ya ƙara mini wani karatun. A makaranta mun haddace makin Apgar, wato makin lafiyar jariri da ake bayarwa a minti na farko da na biyar bayan haihuwa, mun san jaririn da bai kai kilo 2.5 ba yana buƙatar ƙarin ɗumi da sa ido. Abin da sai a bakin gado na koya shi ne haƙurin ƙirga numfashi minti ɗaya cur, domin jariri yakan yi sauri ya ɗan dakata, kuma 60 ko fiye alamar haɗari ce. Ciwon shawara kuwa ba a dubansa a hasken kwan lantarki, sai an kai jaririn bakin taga. Idan uwa ta ce jiya yana kama nono yau ya ƙi, nakan ajiye komai in tashi, ko da jikinsa ba zafi.

Raguwar nauyi a kwanakin farko ita ce ke jawo a fara ɗura wa jariri ruwa. Yanzu tun ranar haihuwa nake faɗa wa mai jego da kakar cewa zai iya rage har kusan kashi goma cikin ɗari, ya mayar cikin mako biyu, kuma dakashin da wasu ke matsewa su zubar shi ne ya fi buƙata. Na lura idan na fara da kaka, na gaishe ta, na saurare ta, maganar takan zauna a gida.

Shi kuwa yaron nan mai kumburin ƙafa an kwantar da shi, aka fara ba shi madarar tamowa kaɗan-kaɗan. Da kumburin ya fara saɓewa sai nauyinsa ya sauka, kakar ta tare ni a ƙofa ta ce, "Ɗan nan, mun kawo shi da jiki, ga shi yana ramewa a hannunku." Na ce, "Iya, ruwan ne ke fita, yanzu za mu ga ainihin jikinsa." Na buɗe katin na nuna mata inda za mu fara ƙirgawa. Ranar da za a sallame su ita ce ta ɗora shi a sikeli da hannunta, ta tsaya sai da ta ga na sa ɗigon sama da na makon jiya.