Godiya bayan baje kolin kaka na bana

Assalamu alaikum jama'a. Daren jiya na iso Damagaram, murya a dishe, riga duk ƙaiƙayin gero, amma zuciya fari ƙal. An tashi daga baje kolin amfanin gona na karkararmu lafiya, ba wanda ya ji ciwo, ba dabbar da ta ɓace. Alhamdu lillahi. Kwamiti ya ce in miƙa godiya a madadinsa, ni ma ina da tawa, to bari in haɗa su wuri ɗaya.

Wanda ya zo ranar Asabar ya tarar da rumfuna a tsaye bai san abin da aka sha daren Juma'a ba. Bayan isha'i iskar hunturu ta taso ta kwantar da fiye da rabinsu, zana ta watsu har bakin rijiya. Samarin gari ne suka fito, kowa da fitilar salula a baki, ana haƙa rami ana kafa dirka har kiran assalatu. Masu amalanke suka yi ta sawu suna kawo kara da igiya, ko dala ba su karɓa ba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku. Shi kuwa bawan Allah da ya yi alkawarin kujeru har yau muna jira, amma ba mu riƙe shi ba, dattawa sun ce dama tabarma ta fi musu daɗi.

Babbar godiyata ga tsofaffinmu take. Bana aka ɗora mini rubuta tarihin wannan taro don a karanta wajen buɗewa. Na ɗauka aikin yini biyu ne, in buɗe rajistar kwamiti in kwafe. Da aka buɗe akwatin, gara ta riga ni, bango kawai ta bari. Dole na ajiye girman kai na bi zaure zaure.

Na fara da tsohon sarkin nomanmu. Na durƙusa na ce, "Baba, yaushe aka fara wannan taro?" Ya ce, "Ɗana, wanne daga ciki?" A wurinsa abin bai fara da tebur da lasifika ba. Ya fara ne da dubu: manomin da Allah ya ba dami dubu a kaka ɗaya sai ya kira gari, a jera dammunan kowa ya gani, makaɗan noma su yi ta wasa shi, ya ciyar da jama'a, ya raba hatsi, daga nan a kira shi sarkin noma. "Yanzu ku kuke ba gwani kyauta," in ji shi, "a da gwanin ne yake bayarwa." Na rasa amsa, kuma har yanzu maganar tana yi mini yawo a ka.

Daga bakinsu na gane cewa tarihin taron yana kan tabarmar da ake baje kaya. Bayan Nijar ta samu ƴancin kai a 1960 gyaɗa ce sarauniya. An kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayenta, ga sikeli a kasuwanni, ga injin matsar mai a Matamaye da Magarya, kuma duk wanda ke son a san da shi sai ya kawo buhun gyaɗa mai ƙwaya. Sai farin 1973 da 1974 ya zo, a 1975 kuma cutar nan mai dunƙule ganye ta gama da abin da ya rage. Wake ne ya maye gurbinta, don ya fi jure ƙarancin ruwa, ga kasuwarsa a Najeriya. Da na tambayi wata Inna yadda aka yi taron a 1984, shekarar da ake kira El Buhari saboda rufe iyaka da gwamnatin Buhari ta Najeriya ta yi a tsakiyar yunwa, sai ta dube ni kamar na yi wauta. "Me za a baje? Rumbu wayam, maza sun bi duniya."

Inna, na gode da wannan kallon. Ita ce kuma ta ba ni abin da ko gara ba ta ci rajista ba, ba zan same shi a ciki ba. Bayan wannan yunwa shugaban ƙasa Seyni Kunce ya matsa wa ƙasa a kan noman rani, aka haƙa rijiyoyi a fadamu, mata suka shiga lambu. Ta ce ranar da suka fara kawo salati da shu da tumatir fili, can gefe aka ba su wuri, maza suna dariya wai ganye ne zai cika ciki? Yau ku duba: layin lambu ya fi kowane tsawo, ga raken Korama jingim, ga albasa, ga zogale. A ganina mun daɗe da bashin matan nan a wuyanmu, kuma ambaton da aka yi musu bana bai biya ko rabi ba.

Sabon abin da muka ƙara bana shi ne kyautar gonar da ta fi kula da gawo. Wasu sun yi gunaguni wai itace ba amfanin gona ba ne. Baba sarkin noma ne ya raba gardama. Ya tuna musu abin da kakanni ke faɗa, cewa a zamanin Sarkin Damagaram Tanimu wanda ya sare gawo hukunci mai tsanani ke hawa kansa. Dalilin a fili yake: gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma ƴaƴansa su riƙe bisashe. Duk wanda ya bi hanyar Mirya, Matamaye zuwa Magarya ya ga yadda manoma suka bar tsirrai suka girma a gonaki, ba tare da an dasa ba. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Godiya ga mai martaba da hakimansa, da liman da ya buɗe da addu'a, da magajin gari. Godiya ga ma'aikatan gona da suka yini a rana suna bayanin irin gero mai nuna da wuri da ake kira HKP, na cibiyar binciken noma ta ƙasa (INRAN), da likitan dabbobi da ya buɗe bakin kowane balami da kowace jar akuya ya duba haƙora, har wani rago ya kusa kai shi ƙasa. Matan da suka kwana a murhu, fura da dambu sun isa kowa har da baƙin Kance da Gidimuni. Allah ya saka da alheri.

Akwai kuskure ɗaya, kuma nawa ne. Wajen auna wake na yi amfani da tiya biyu da ba su kai juna ba, aka tauye wata Hajiya. Mun sake awo da tiya ɗaya, ita ce ta zo ta biyu, an kai mata kyautarta har gida. Hajiya, ki yafe mini.

Wanda ya manta tabarmi uku da igiyar rago a fili, suna gidan mai gari. Kuma duk wanda ke da tsohon hoto na taron, ko na zamanin sikelin gyaɗa, don Allah ya ba ni aro in ɗauka in mayar masa. Akwatin ƙarfe muka saya wannan karon.