Shekara goma ina gudu da baya a kan ƙanƙara

Kakata ta wajen uba, Allah ya jiƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta yarda abin da nake yi sana'a ba ce. Wata shekara na je gida Zariya, na nuna mata bidiyon wasanmu a waya. Ta ƙura ido ta daɗe tana kallo, can sai ta ce, "Maigidan, kowa na ruga wa gaba, kai kaɗai kake gudu da baya. Tsoro kake ji ne?" Tsakar gida ya ɓarke da dariya. Ni ma na yi, amma tsohuwa ta hango a minti biyu abin da na yi shekaru ban gane ba: aikin ɗan baya a ƙwallon gora na kan ƙanƙara yawancinsa ja da baya ne, ido a kan mai zuwa, ana jiran ya yi kuskure.

A 1995 muka sauka Kanada, ina ɗan shekara bakwai. Baba likita ne, ya sami aiki a wani ƙaramin gari a lardin Saskacewan, inda sanyin hunturu kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, gashin hancinka ya daskare kafin ka isa mota. A irin waɗannan garuruwa filin ƙanƙara shi ne dandali, nan yara suke, nan iyaye suke hira da kofin shayi a hannu. Sa'o'ina sun fara sulu tun suna shekara uku. Ni kuwa da aka ɗaura mini takalmin nan mai wuƙa a ƙasa, tsohon na ɗan maƙwabcinmu, na fi wata guda ina cin ƙasa. Yaron da ya makara kuma ya fi kowa jiki, baya ake tura shi. Haka na zama ɗan baya, ba zaɓa na yi ba.

Ga wanda bai san wasan ba: kowane ɓangare mutum shida ne a fili, gola ɗaya, 'yan gaba uku, 'yan baya biyu. Ba ƙwallo ake bugawa ba, wani faifan baƙar roba ne mai nauyin gram 170 ko kusa da haka, kuma sai an daskarar da shi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Zango uku ake yi, kowanne minti 20. Ba mai iya daɗewa a ciki, daƙiƙa 45 ka fito ka ba wani, numfashi kamar zai bar ka.

Baba bai ɗauki abin da muhimmanci ba sai da wani abokin aikinsa ya gaya masa akwai wani ɗan baya a ƙungiyar Buffalo Sabres ta NHL, babbar gasar Amurka da Kanada, mai suna Rumun Ndur, wanda aka haifa a Zariya a 1975. Ya dawo gida yana ta mamaki, wai ɗan garinmu a kan ƙanƙara. Daga baya Ndur ya buga wa New York Rangers da Atlanta Thrashers. Akwai kuma Jarome Iginla na Calgary Flames, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, shi kam duk yaran unguwa shi suke son zama. Ni hoton Ndur na liƙa a ɗakina.

Ina shekara 17 na bar gida zuwa gasar matasa. Al'adar can ita ce a ba wani iyali a garin riƙon ɗan wasa. Matar da ta riƙe ni ta kwashe duk wani naman alade daga firjinta tun kafin na iso, kuma da azumin 2005 ya faɗo a Oktoba, farkon kakar wasa, ita ke tashi da asuba ta soya mini ƙwai na sahur, ta zauna tana gyangyaɗi har in gama. Har yau ina kiranta duk Sallah.

A nan ne kuma aka sa ni a hanyar da ta kusa kashe mini sana'a. Tsawona mita 1.93, nauyina ya doshi kilo 100. Kocinmu ya kira ni ofis ya ce ƙungiya na da masu gwaninta, abin da ta rasa shi ne wanda za a ji tsoro. A Amurka da Kanada, in mutum biyu suka jefar da safar hannu suka kama dambe, alƙalin wasa kan bar su su ɗan gwabza, sannan ya tura kowa keji, wato bencin horo, na minti biyar. Na karɓi aikin hannu biyu. Yaro ɗan shekara 17, baƙo, shi kaɗai ne baƙar fata a ɗakin canja kaya, ga mutum dubu suna kiran sunansa don ya fasa wa wani hanci. Wa zai ƙi? Na zama mai bin mutane da kafaɗa, in haɗa su da katanga gilashi ya girgiza. Faifai kuwa in ya zo hannuna, jefar da shi nake yi ko'ina, kamar garwashi.

An yi zaɓen sabbin 'yan wasa na NHL a 2006, shekarar da sa'o'ina suka cancanta, ba wanda ya kira sunana. A 2009 na gaya wa Baba zan shiga gasar ECHL, mataki biyu ƙasa da NHL, maimakon jami'a. Ya yi shiru, ya cire tabarau, ya ce, "To. Ka dai sani gwiwa ba ta ba da takardar shaida." Umma ba ta ce komai ba, yaji da kilishi ta cusa mini a jaka.

Mutane kan ji "ƙwararren ɗan wasa" su zaci daula. Wasa 72 ne a kaka, sau da yawa uku a kwana uku, Juma'a da Asabar da Lahadi. Bas ake shiga a kwana ana tafiya, ka iso gari da hantsi ƙafa a kumbure, da daddare ka shiga fili. Albashi na mako-mako ne, 'yan ɗaruruwan daloli, ɗaki kuma ku biyu ko uku. Kwantiragin ba ta da tabbas, ana iya sallamarka da safiyar Talata. Na ga magidanci mai 'ya'ya biyu yana zuba kayansa a baƙar leda yana hawaye.

A 2011, cikin ƙasa da wata huɗu, 'yan wasan NHL uku da aka sani da dambe suka mutu: Derek Boogaard, Rick Rypien da Wade Belak. Boogaard da Belak 'yan Saskacewan ne kamar ni. Boogaard shekararsa 28, kuma da likitoci suka duba ƙwaƙwalwarsa sun sami cutar nan da yawan bugu a kai ke jawowa. Lokacin ni ma sau biyu ina samun girgizar ƙwaƙwalwa, ta biyun na yi kwana tara a ɗaki mai duhu, hasken waya ma amai yake sa ni. Ban gaya wa Baba ba. Likita ne, da ya zo da kansa ya tafi da ni.

Damata guda ta zo a farkon 2012, aka ɗauke ni gasar AHL, mataki ɗaya ƙasa da NHL, na ɗan lokaci saboda 'yan bayansu sun ji rauni. A wasa na biyu, zango na uku, ci biyu da biyu, na hango wani ɗan gaba tafe ta gefen katanga, kai a sunkuye. Abin da na saba ke nan. Na bar wurina na nufe shi da kafaɗa. Ashe tun tuni ya gan ni. Ya tura faifan ya bugi katanga ya wuce ta bayana, shi kuma ya goce, na rungumi gilashi ni kaɗai. Kafin in juyo sun zama biyu a kan abokin tsarona, jar fitila ta kama a bayan raga, alamar an ci mu. Da na koma benci ba wanda ya zage ni, ba wanda ya kalle ni ma. Washegari aka miƙa mini tikitin komawa.

A Jamus, inda na koma a 2013 a gasar rukuni na biyu, na fara koyon aikin da na yi shekara huɗu ana biyana a kansa. Filin NHL faɗinsa ƙafa 85, wajen mita 26, na Turai mita 30. Mita huɗun nan sun tona mini asiri, don in ka bi mutum gefe ka bar wa sauran fili fetal. Dambe kuma kora yake jawowa. Aka haɗa ni da wani ɗan Finlan mai shekara 36, siriri, ba ya bugun kowa, ba a kuma wuce shi. Bayan atisaye yakan tsayar da ni, ya ajiye gorarsa a kan ƙanƙara tsakaninmu ya ce tazarar ke nan. In ka ba ɗan gaba fiye da haka zai sami sararin harbi, in ka matsa masa da wuri zai zagaye ka. Ka daidaita gudunka na baya da nasa na gaba, bakin gorarka a kan faifai, ido a ƙirjinsa, don hannu da kai suna yaudara amma ƙirji ba ya zuwa inda mutum ba ya zuwa. Ka karkata shi a hankali zuwa katanga har fili ya ƙare masa.

Ya kuma hana ni taɓa faifai ban waiwaya ba. In aka jefa shi bayan ragarmu, sai na dubi kafaɗa sau biyu kafin in isa, in san wa ke tafe, ta ina, kuma wa zan ba. Bugun farko daga baya shi ne rabin aikin, in ya sauka daidai kan gorar ɗan gabanka ka huta, in ka jefar ka sake minti guda kana haki a gidanka. In biyu suka taso maka, tare hanyar miƙawa, ka bar mai harbi da gola. Kullum misalinsa Nicklas Lidström na Detroit, wanda ya ci kyautar Norris ta gwarzon ɗan baya sau bakwai ba tare da an san shi da bugun mutane ba. Yara sun fi son labarin Bobby Orr, mai guda takwas a jere daga 1968 zuwa 1975, wanda ke ɗaukar faifai daga raga zuwa raga. Orr ɗaya ne, kuma gwiwa ta tsayar da shi yana shekara 30.

Abin da ban daina ba shi ne tare harbi da jiki, wannan dole ne. Zdeno Chára, wani ɗan baya a NHL, ya taɓa harba faifai da gudun kilomita 175 a awa a 2012. Namu ba su kai nan ba, amma wani ya karya mini ƙashin ƙafa ta cikin takalmi, na ƙarasa zangon don na san in na kwance igiya ƙafar ba za ta koma ba.

Shekaru shida na Jamus su ne mafi kyau, minti 22 ko fiye a kowane wasa, kuma da wuya a ambaci sunana a jarida. Na ajiye a 2019 ina shekara 31, da haƙora biyu na roba da gwiwar da ke sa ni zaman tahiya a kujera in sanyi ya yi tsanani. Na koma jami'a na yi digirin da Baba ya so, ya zo bikin da babbar riga a kan rigar sanyi.

Yanzu yara 'yan shekara goma zuwa sha biyu nake koyarwa da yamma. Bana an kawo mini wani dogon yaro, iyayensa daga Sudan, ya fi kowa jiki, kuma tun makon farko wani uba ya raɗa mini cewa wannan zai yi bugu. Na karɓe gorar yaron na jingine a benci, na ce ya zagaya fili da baya sau goma, kai a sama, yana faɗa mini yatsu nawa na ɗaga. A zagaye na huɗu ya faɗi, ya tashi yana tambaya yaushe za a fara koya masa bugun mutane. Na ce saura shida.