Warin baba a Bagru

Jama'a, yau na leƙa Bagru, wani gari mai nisan kusan kilomita 30 daga Jaipur a Indiya. Tun daga bakin lungu warin baba ya tarbe ni, wallahi sai na ji kamar a Ƙofar Mata nake.

Sai dai mu da zare ake ɗaure ƙyalle kafin a tsoma, su kuwa laka ce makaminsu, suna kiran aikin dabu. Baƙar laka ake kwaɓawa da ƙaro da garin alkamar da ƙwari suka ci. Dattijon da na tsaya wurinsa yakan dangwala hatimin katako mai zanen fure a ciki, ya ɗora kan farin yadi, ya buge shi da gefen hannu, tim! Yaronsa na biye yana barbaɗa dusar katako. Idan ya bushe aka rina aka wanke, duk inda laka ta taɓa sai ya fito fari tas.

Baƙin rininsu ma tsohon ƙarfe ne da mazarƙwaila ake jiƙawa har su ruɓe.

Na karɓi hatimin na gwada sau uku. Furen ya karkace, dattijo ya yi ta dariya, rigata kuma ta sha laka.