Talata: zargi kaɗai ya isa a kai rahoto

Yinin yau gaba ɗaya ya tafi ne wajen horar da sababbin ma'aikata masu kula da yara kan gane alamun cin zarafin yara da kai rahoto. Bari in rubuta tun abin yana da ɗumi.

Da safe muka fara da raunin jiki. Yaro mai guje-guje ba ya rabuwa da ƙujewa, amma faɗuwa tana da inda take taɓawa: ƙwauri, gwiwa, gwiwar hannu, goshi, wato inda ƙashi ke kusa da fata. Abin da zai sa mutum ya tsaya shi ne kwanciyar jini a kunne, wuya, ciki, gadon baya ko cikin cinya, musamman ga yaron da bai wuce shekara 4 ba. Jaririn da bai fara rarrafe ba kuwa, ko tabo ɗaya ne sai likita ya duba, don da wuya ya ji wa kansa irin wannan ciwon. Siffar raunin ma shaida ce. Shati biyu a jere sawun bulala ne ko sanda. Ƙuna zagayayya mai faɗin kusan santimita 1 takan zama ta taba sigari. Ƙunar ruwan zafi da ta tsaya cak kamar an sa safa tana nuna tsoma ƙafar aka yi aka riƙe, domin ruwan da ya zube da kansa fantsama yake yi. Launin tabo ba ya faɗin ranar da aka yi shi, don haka kada a rubuta "na kwana uku ne".

Sauyin hali ya fi wuyar karantawa: fitsarin kwance bayan an daina, zabura idan an ɗaga hannu, ƙin tafiya gida, sanin maganar manya da ta fi ƙarfin shekarunsa, yunwa da dauɗa kullum. Ɗaya daga ciki ba hujja ba ce, amma a rubuta, a sa kwanan wata.

Bayan hutun rana muka shiga inda aka fi yin ɓarna, wato lokacin da yaro ya buɗe baki da kansa. Sau da yawa yakan fara da "kada ki gaya wa kowa". Kada a yi wannan alkawarin. A ce masa, "Ba laifinka ba ne. Zan gaya wa wanda zai taimake ka kawai." A zauna daidai tsayinsa, a danne firgici, don yaro na ganin fuska ta sauya zai haɗiye sauran maganar. Tambaya ta zama buɗaɗɗiya: "Sai me ya faru?" Idan aka ambaci sunan wani aka ce "Shi ne ya taɓa ka, ko?" an sa masa suna a baki, kuma wannan kaɗai yana iya raunana shari'a. Kada a tuɓe shi, kada a ɗauki hotonsa da wayar hannu, kada a sa ya maimaita labarin wa mutum uku.

Ana gamawa a rubuta: rana, lokaci, wuri, waɗanda suke wurin, kalmominsa yadda ya furta su ko da ba su da daɗin ji, sannan sa hannu. Abin da ido ya gani daban, zato daban. A miƙa wa jami'in kare yara na wurin aikin a ranar. In shi ake zargi, a wuce shi zuwa shugabansa ko hukumar walwalar yara. In yaron na cikin haɗari yanzu, 'yan sanda kai tsaye. In fyaɗe ne, asibiti ba jira: maganin kariya daga ƙanjamau dole a fara shi cikin awa 72, kuma kada a yi wanka ko wanke tufafi kafin likita ya gani. A sa tufafin a jakar takarda, leda tana riƙe danshi ta lalata shaida.

An daɗe a kan tambaya ɗaya: in na kai rahoto ya zama ba gaskiya ba fa? Na fahimci tsoron. Sai dai tabbatarwa aikin masu bincike ne, ba namu ba. Wanda ya je ya tuhumi mai laifi da kansa, ko ya kira sulhu don a rufa asiri, ya ba shi damar tsorata yaron ne ya janye maganarsa.

Gobe da safe kowa zai gwada cike takardar rahoto, ya nuna wurin rauni a kan zanen jiki.